Littafin Gwanja: Inda Aiki Ya Kwana

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Babi na uku ya kammala, ayari ya fita daga Kano. Daga yau zan riƙa rubuta inda aikin ya kwana, domin in na dawo gyara in tuna dalilin kowace shawara da na yanke.

Labarin na fataucin goro ne, daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, wadda a yau take arewacin Ghana. Ayarin ya tashi bayan girbi, a ƙarshen 1891, zamanin Sarkin Kano Bello, da kanwa da turkudi na Kura da jemammun fatu da gabu. Na bar tsarin ayari yadda yake a tarihi: madugu mai yanke magana, jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango, uban dawaki mai cinikin kuɗin fito da gaisuwar sarakuna, malamin ayari mai duba ranar tashi da riƙe lissafi, sai mai ganga. Jarumina, Tanko, ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Saurayi ne ɗan Agalawa, dangin nan na fataken ƙasar Kano, mai kula da jakunan madugu. Ubansa ya bi wannan hanya tun yana ƙarami, bai dawo ba. Tanko yana da ƙarfi, yana da amana, kuma gabansa na faɗuwa ba dalili tun kafin ya san me ake kira hanya.

A littattafanmu na jarumta, tsoro kayan wasu ne. Na abokan gaba ne, waɗanda hantar cikinsu ke kaɗawa da sun hango ƙurar dokin sadauki, ko na wani bara da aka ajiye don a yi dariya. Tun daga Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, har zuwa littattafan yaƙi da muka taso muna haya a shagon unguwa, ba a saba ganin jarumi ya kwana da zullumi ba. Ina son littattafan nan, su suka sa bakina ya faɗa da karatu. Amma mutumin da zai yi wata da watanni a daji, ya san akwai fashi, ya san akwai kogi, a ce ko dare ɗaya barci bai ƙaurace masa ba? Ban yarda ba.

Sharaɗin da na gindaya wa kaina: Tanko ba rago ba ne, ba kuma abin dariya ba ne, sannan ba wanda zai buɗe baki a 1891 ya yi maganar likitan zamani.

Laraba, 22 ga Janairu

Na je kasuwar goro ta Mariri wajen Kawu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka yana hango ni ya ce, "Uwata, lafiya a cikin 'yan goro da sanyin nan?" Na ce, "Kawu, karatu na zo ɗauka."

Ya sa yaronsa ya kwance huhu ɗaya. Ya ɗage ganyen a hankali, ya riƙa tsamo goron yana juya shi a tafin hannu, manya (marsa) gefe guda, ƙanana (minu) gefe guda. Can ya tsaya a kan wani da ni ban ga aibinsa ba, ya nuna mini wata 'yar huda da ba ta kai kan allura ba, ya ɓare shi da farce. Ciki ya zama gari, baƙi-baƙi. Sankara ce, ƙwaron goro. Ya ce ɗaya tak in aka bari, sai ta bi sauran. Ya tsoma yatsu a ruwa ya yarfa wa ganyen, ba da yawa ba, ya mayar ya ɗaure.

Na tambaye shi sau nawa ake buɗewa. Ya ce, "Goro yana son kulawa, amma ba ya son naci. Wanda ke kwance huhu kullum don ya ga ko lafiya, shi da kansa ke shigar masa da iskar hunturu, ya wayi gari goro ya yanƙwane."

Tun a cikin mota na fara rubutu a waya. Abin da nake nema ke nan ga Tanko. Ba na so in yi ta cewa "ya ji tsoro, ya ji tsoro" shafi bayan shafi, mai karatu zai gaji. Ina so a ga abin a hannunsa. A hanyar dawowa zai zama mai kwance huhu da tsakar dare, ya ƙirga ƙwarya ɗaya, ɗari cif, ya ɗaure, ya kwanta, zuciya ta ce anya ɗari ne, ya sake tashi. Kuma sai an yi asara ta dalilinsa, goron madugu ya bushe a hannun wanda ya fi kowa damuwa da shi. A hanyar zuwa, tunda babu goro tukuna, jakuna zai yi ta ƙirgawa, ya yi ta ƙara tamke igiyar akumari har ya yi wa wata jaka miki a gadon baya.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Babi na bakwai, ƙetare Kwara a Yawuri. Wurin ya sauya kama tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Busa ma tana ƙarƙashin ruwa, don haka da bayanan matafiyan da da kuma abin da na sani na aikin fito na gina shi.

Abin da kowa zai zata shi ne a tsakiyar kogi ciwon Tanko zai tashi. Na ƙi. A cikin kwalekwale, yana riƙe da igiyar jakin da ke iyo a gefe, ruwa na neman fizge shi, Tanko lafiyarsa lau. Hannunsa bai yi rawa ba, har shi ya cafko wani yaro da ya zame. Sai da aka sauka, aka biya fito, aka ci tuwo, kowa ya miƙe ƙafa yana hamdala, sannan abin ya zo. Ga yadda na rubuta wurin:

"Ba abin da ya motsa a zango. Wuta na ci, wani na ba da labarin wata bazawara a Jega ana dariya. Tanko ya ji ƙirjinsa ya ɗauka kamar ana daka a turmi. Ya ja numfashi, numfashin ya tsaya a maƙogwaro. Yatsunsa suka yi tsami, gumi ya keto masa cikin wannan sanyi. Ya dubi fuskokin mutane ko akwai wanda ya ji abin da ya ji, babu. Ya tashi ya ce zai kewaya. A bayan jakuna ya durƙusa, ya kafa goshi a cikin wata jaka mai ɗumi, yana kalmar shahada, don ya tabbata yau ce ranarsa. Bai mutu ba. Da ya dawo, ba a ma gama labarin bazawarar ba."

Jimlar ƙarshen nan ita na fi so a duk abin da na rubuta zuwa yanzu. Abin da ya zame masa tashin alƙiyama bai kai tsawon hira ɗaya ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na ba 'yan ƙungiyarmu ta marubuta babi bakwai na farko. Ra'ayi ya rabu. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya daɗe yana rubuta labaran yaƙi, ya ce, "Malama, rubutu ya yi kyau, amma wannan ai ba jarumi ba ne, majinyaci ne. Ki faɗa mana sammu aka yi masa, a karya, mu ci gaba da tafiya." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in na karya a babi na takwas, me zan rubuta a sauran?" Aka yi dariya, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba, ni ma haka.

Maganarsa ta amfane ni ta wani gefen. Mutanen ayari dole su sami abin cewa game da Tanko, kuma kowa da irin fahimtarsa. Malamin ayari ya ce waswasi ne, ya ba shi rubutun sha da laya. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa da ke bin ayarin ta ce iska ce ta taɓa shi a bakin kogi. Uban dawaki ya ce shagwaɓa ce kawai ta ɗan da mace ta raina. Madugu bai ce komai ba, sai ya matso da shimfiɗar yaron kusa da tasa. Ni marubuciya ba zan shiga tsakani in raba gardama ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Azumi ya rage mini gudu, rubutun sai bayan tarawihi.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Da muka je shan ruwa gidanta na karanta mata wurin Yawuri. Ta ce haka masu abin ke ba da labari: bugun zuciya, sarƙewar numfashi, tsamin yatsu saboda yawan haki, da tabbacin cewa mutuwa ce ta zo. Yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, ya lafa, ya bar mutum a galabaice. Ta ce da yawa sai sun gama zagaye wajen masu duba zuciya da masu maganin gargajiya kafin su iso wurinsu.

Sai ta ƙara abin da ya sa na sake tsara babi na tara. Ta ce, "Ƙanwata, ba tashin ciwon ne ke cinye mutum ba, jiran dawowarsa ne. Sai ki ga ya daina zuwa inda abin ya taɓa kama shi." Don haka yanzu Tanko ya daina zama a hirar bakin wuta. Yana cin tuwonsa a tsaye cikin jakuna. Abokansa suka ɗauka girman kai ne, don madugu ya jawo shi jiki. Ga rigima ta samu ba tare da na ƙirƙiro mugu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da irin wannan lalura ta fargaba, wajen huɗu ke nan cikin ɗari. Baturen nan Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa mai dawowa daga Gwanja a Kaiama a 1826, ya ce maza da mata sun haura dubu, dabbobin kaya ma kamar haka. In aka auna da wancan ma'auni, ayari irin wannan ba zai rasa masu kwana ido biyu da dama ba. Shi ya sa na yanke cewa Tanko ba zai zama shi kaɗai ba. Mai gangar madugu, wanda ya fi kowa surutu da barkwanci, shi ma yana da nasa, kuma Tanko ne kaɗai zai gane.

Na kuma sami abin da malamin zai ba shi ya riƙe: Li'ilafi. Matafiyanmu har gobe suna karanta ta in za su hau hanya, sura ce da ta ambaci tafiyar fatauci ta hunturu da ta bazara, ta rufe da amintarwa daga tsoro. Tanko zai riƙa jan ta a hankali, aya ɗaya numfashi ɗaya. Wani dare ta kwantar masa da hankali, wani dare ya karanta har asuba yana rawar jiki. Duka biyun zan rubuta.

Talata, 8 ga Afrilu

An sha Sallah, na koma bakin aiki. Ayari ya shiga Borgu, ya nufi Nikki. Fatake sun san wannan yanki da biyan kuɗin hanya da kuma hari, domin akwai 'ya'yan sarauta, Wasangari, da suka rayu a kan abin da ayari ke bayarwa ko abin da aka ƙwata daga gare shi, ga kuma kibau masu dafi. Labarin jarumta ba ya yiwuwa ba hari, kuma nan ne wurinsa.

Nan ne kuma tarkon yake. Hanya mafi sauƙi, wadda masu karatu za su tafa mata, ita ce gaban Tanko ya faɗi, ya ce wa madugu kada a bi ta kwazazzabon nan, a yi masa dariya, a bi, a faɗa hannun 'yan fashi, sannan kowa ya dawo yana cewa ashe yaron nan yana da gani. Daga nan ciwonsa ya zama baiwa, faɗuwar gabansa ta zama duba. Ba zan rubuta haka ba. Duk mai fama da wannan abu, babbar azabarsa ita ce zuciyarsa na rantse masa cewa masifa na tafe, alhali ba komai. In na rubuta littafin da ke cewa zuciyar tana da gaskiya, na ƙara wa mai karatu irin Tanko nauyi ke nan. Zai rufe littafin ya ce, ka gani, dama na faɗa. Ban da haka, ƙarya ce a fannin labari: wanda ke jin masifa kowane dare, dole wata rana ya dace, kuma wannan ba gani ba ne.

Ga yadda na tsara. Kwana uku kafin harin, Tanko ya ji motsi cikin dare ya kwarma ihu. Zango ya hautsine, jakuna suka tsinke, wani ya soki ɗan'uwansa da mashi a cinya cikin duhu. Da gari ya waye aka ga sawun gada. Uban dawaki ya wanke shi da mari a gaban jama'a. Madugu ya biya diyyar raunin daga aljihunsa, ya ce da Tanko, "Ɗan nan, tsoro na daji ne, ban hana ka ba. Amma in ya zo, ni za ka tasa, ba ayari ba." Tanko ya ce, "To, Baba."

Daren harin kuwa, Tanko barci ya yi, irin wanda rabonsa da shi tun Kano. Wanda ya gane akwai matsala jagaba ne, kuma da ilimin hanya ya gane: an sauka kusa da gari, amma ko mace ɗaya ba ta fito tallan abinci zango ba, ga kashin doki ɗanye a inda ba a san da mahaya ba. Shi ya sa aka kwana da shiri. Abin da na bar wa Tanko a faɗan kaɗan ne. Hannun da ya saba ɗaurewa da kwancewa cikin duhu ya sauke wa jakuna kanwa da sauri, aka kora su cikin kurmi, aka tsira da fiye da rabi. An rasa kanwar, an rasa mutum biyu. Ba wanda ya yi masa kirari.

Litinin, 5 ga Mayu

Garuruwan Jugu da Yandi na wuce su da sauri, babi ɗaya ya ishe su. A hanya sun yi ta ratsa ƙasusuwan shanu, domin annobar da ta share garken Fulani a 1890 da 1891 ba ta daɗe da wucewa ba. Ba ta kama jakuna, amma je ka gaya wa Tanko.

Yanzu muna Salaga, kuma ta fi hanya wuyar rubutawa. Garin da suka tarar ba shi ne wanda iyayensu ke ba da labari ba. Bayan da Ingilishi suka ƙone Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, Gwanja ta zame daga hannun Asante, su kuma Asante suka karkatar da goronsu zuwa kasuwanni irin su Kintampo. Gari ne mai rijiyoyi barkatai amma ruwa sai an saya, Bafaranshen nan Binger da ya sauka can a 1888 ya koka da ƙazantarsa. Madugu ya sayar da kaya bashi ta hannun mai masauki, damina ta rufe hanya, sai jiran sabon goro. Wata da watanni ba tafiya, ba jakin ɗaurewa, ba abin da hannu zai yi. A nan Tanko ya fi lalacewa. Ya rame, ya daina fita kasuwa, yana kwana lissafin bashin da ba nasa ba. Damuwata ita ce kada mai karatu ya gudu, tunda labarin jarumta ne aka zaunar da shi wuri ɗaya. Na sa rigimar dillalai da neman labarin uban Tanko su riƙe zaren.

Akwai abin da ba zan kauce masa ba. Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma ayarin su Tanko ma bai zo hannu wofi ba ta wannan fanni. Akwai wani yaro da aka saya a hanya, wanda Tanko ke kai wa ruwa. Tsoron yaron nan yana da dalili ƙarara, an raba shi da uwarsa, gobe za a kai shi kasuwa. Ba na so littafin ya yi ta jinyar zuciyar ɗan fatake, ga wani a ɗaure a gefensa ba a waiwaye shi ba. Ban mai da Tanko mai 'yanta bayi ba, don ba haka mutanen zamaninsa da sana'arsa suke ba. Na dai bar shi ya gane rawar da hannun yaron ke yi, ya san ta, kuma duk da haka ya riƙe igiyar ranar kasuwa. Babin bai yi mini daɗin rubutawa ba, kuma ba zan sassauta shi ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Saura yaƙi da komawa gida. A ƙarshen 1892 rikicin sarautar Kpembe, garin sarakunan da ke gefen Salaga, ya ɓarke, ɓangare ɗaya ya shigo da taimakon Dagomba da Nanumba, kasuwar ta watse. Fatake da malamai suka bazu, da yawa suka koma Kete-Krachi. Cikin waɗanda suka ƙare a can har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano mai waƙoƙi, wanda ya rasu a 1934. Na so in shigo da shi labarin, na fasa. Ba zan sa wa malami irinsa maganar da bai faɗa ba. Za a dai ambaci sunansa a bakin wani almajiri.

Dattijon ƙungiyarmu ya sake tare ni ya ce, "To Malama, ko a wannan yaƙin ai kya bari ya warke." Na ce masa Tanko zai fito da jakunan madugu daga garin yana ci da wuta, zai goyi mai ganga da kibiya ta sama, zai kai ayarin Yandi bayan an rasa jagaba. Duk zai yi. Sannan a zangon farko da aka sami natsuwa, abin zai dawo masa yadda ya saba. Bambancin kawai, wannan karon zai je ya tashi madugu kamar yadda aka umarce shi, su zauna tare har ya wuce, da safe a ɗaura kaya. Ya ce masu karatu za su ce an cuce su. Mai yiwuwa wasu su ce haka.

Babi na goma sha tara zuwa ashirin da ɗaya ne suka rage: daren yaƙin, asarar goron da Tanko ya jawo a hanyar dawowa, da shigowa Kano a 1893, ana dab da rasuwar Sarki Bello da basasar Tukur da Yusufawa. Basasar ba za ta shiga wannan littafin ba. Kafin in taɓa babin asarar zan koma Mariri ranar Laraba, Kawu ya yi alkawarin ajiye mini goron da iska ta buga in ga kamanninsa da idona, in kuma ji nawa ake karya farashinsa.